Kwalbar Shaida

Mai turare mutum ne da bai yarda da kowa ba sai hancinsa. In ka ce masa ga gobara can a bayan layi, sai ya ɗaga kai ya shaƙi iska tukuna, in bai ji hayaƙi ba to kai ne maƙaryaci. Da hancin nan ya riƙe shagon da ubansu ya bari, da shi ya aurar da ƙanne mata, ya gina gida, har mutanen da ba su san fuskarsa ba suka san ƙofar shagonsa. Saboda haka ranar da ya buɗe babbar kwalbar wardi da ya haɗa jiya da hannunsa, ya kai hanci ya ji ta salam kamar ruwan ɗauraye, bai ɓata lokaci wajen tunani ba. Ya mayar da murfi a hankali, ya ce a ransa an taɓa kwalbar nan.

Shagon ɗan siriri ne. Kanta a gaba, kwalabe jere a bango har sama, sannan wani labule da ya koɗe, bayansa kuma ɗakin haɗi. A ciki akwai tebur da mazurari da sirinji da auduga, da wata jarka ta farin mai, wato man da ba shi da ƙamshin komai, wanda ake sirka turare da shi don kada ya yi wa fata ƙarfi. Mutum biyu kaɗai ke ɗaga labulen nan, shi da ƙanensa Auta. Auta ba yaro ba ne, furfura ta fara leƙo masa a gemu, 'ya'yansa ma sun tasa. Amma auta ko ya tsufa auta ne. Yayan ke haɗi, shi kuma yana wanke kwalabe, yana tsayawa kanta, yana ba mutane haƙuri in Yaya ya yi musu tsawa.

Ranar, Mai turare ya jira Auta ya fita sayo musu shayi, ya ƙara wa kwalbar wardi mai yawa har sai da ya ji ƙamshin ya ɗan taso, ya rufe. Washegari ya buɗe, ya tarar ta koma gidan jiya. Ya duba ta miski, ita ma haka. Ya duba ta sandal, wadda a da in an buɗe ta har bakin titi ana sani, sai da ya cusa hanci cikin bakin kwalbar kafin ya ji wani abu can nesa. Ya juya ya dubi bayan Auta ta gefen labule. Auta na goge kanta yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa, kuma a karon farko a rayuwarsa sai waƙar ta yi masa kama da ta mutumin da ke ɓoye wani abu.

Zargi kuwa in ya shiga gida ba ya zama a ɗaki ɗaya. Kwanakin nan abincin matarsa ya zama babu armashi, kome ta dafa kamar yana tauna auduga. Ya yi magana sau ɗaya, ta ce yadda ta saba yi haka ta yi. Ya sake magana, ta ƙara gishiri har yara suka ture kwano. Sai ya fara tunanin ko hankalinta ba ya gidan, ko akwai abin da ta sani take ɓoye masa. Kamar an shirya, wata rana da yamma ya dawo ya iske ta a bakin ƙofa ita da Auta suna magana ƙasa-ƙasa, kawunansu kusa da juna. Suna ganinsa suka yi tsit. Auta ya ce wai ya zo gaida yara ne, ita kuma ta shige ciki da sauri har takalminta ɗaya ya kwaɓe. Yaran da ya zo gaisarwa kuwa ba su ma dawo daga makaranta ba.

Ba wai ya zarge su da wani abin kunya ba, Allah ya kiyaye, ya san matarsa ya san ƙanensa ta wannan fuska. Abin da ya zo masa shi ne an haɗa kai. Auta na tsame turare mai kyau yana cike gurbin da farin mai, yana tara wa kansa, watakila shagonsa zai buɗe. Ita kuma ta sani ta yi shiru, don dama tun tana amarya take tausayin Auta, kullum cewa take ana danne shi.

Jikin shagonsu akwai tela, mutumin da bakinsa ya fi kekensa gudu. Mai turare bai gaya masa komai ba, ya dai tambaye shi a kaikaice ko yana ganin wani na shiga ɗakin haɗi in ba ya nan. Tela ya cire allura daga baki ya ce shi dai ba ruwansa, a bar kaza cikin gashinta, amma tunda an tambaye shi, lallai Auta kan rufe ƙofar gaba da rana ya shige ciki ya daɗe. Ya ƙara da cewa ai da ɗan gari akan ci gari. Yana faɗa yana leƙen fuskar Mai turare don ya ga inda maganar ta sauka, irin yadda yake leƙen riga a jikin mai ita.

Daga nan Mai turare ya koma ɗan sanda a shagonsa. Ya ɗauki ƙusa ya ɗan karce jikin jarkar farin mai daidai inda man ya tsaya. Kwana biyu ya duba, man ya sauka ƙasa da alamar, shi kuwa bai taɓa shi ba. Ya ji wani irin daɗi mai ɗaci, daɗin mutumin da ya gano bai yi kuskure ba. Ya daina cin abincin rana tare da Auta. In Auta ya ce, “Yaya, ka sha ruwa,” sai ya dubi kofin ya dubi Auta, kamar ruwan ma an sirka.

Akwai wata malamar makaranta da ta shekara da shekaru tana sayen turare a wurinsu, tun zamanin ubansu. Ta shigo wata safiya, Mai turare ya miƙe da fara'a zai zuba mata daga wata kwalba da ya gama haɗawa yanzun nan. Sai ta ce a bar shi, za ta jira Auta ya zuba mata daga ta kan kanta. Da ya matsa, ta ce cikin ladabi wanda ya ba ta da hannunsa kwanaki ya sa mata ciwon kai, har 'yan aji suna atishawa. Ya yi murmushi ya ce ba komai. Cikinsa kuwa wuta ce ke ci. Wato har masu saye an fara juya musu kai, an koya musu son ruwa-ruwa, an ce musu na Yaya ne ba shi da kyau. Ya cire hularsa yana juya ta a hannu, malamar ta ga haka ta ce za ta dawo anjima, ta fice.

Abin da ya rage masa shi ne gani da ido. Ranar da ya shirya, ya haɗa sabuwar kwalbar ambar da safe, ya zuba mata ƙarfi sosai, ya ce wa Auta zai je duba kaya wajen masu kawowa, ba zai dawo ba sai yamma. Ya fita ya zagaya ta bayan layi, ya tsallake kwatar da ke bin bayan shagunan, ya laɓe jikin 'yar tagar ɗakin haɗi. Mutum da girmansa da furfurarsa, yana maƙale a bango yana leƙe kamar ɓarawon kaji. Bai jima ba sai ga Auta ya ɗaga labule. Ya buɗe kwalbar ambar, ya shinshina, ya kawar da kai yana yamutsa fuska. Ya rage wani abu daga ciki ya juye a wata kwalba, ya tura ta can ƙarƙashin tebur bayan kwali. Sannan ya ɗauko jarkar farin mai da mazurari, ya cike gurbin, ya girgiza, ya sake shinshinawa, ya rufe ya goge bakin da auduga.

Mai turare ya tsaya a nan har ƙafarsa ta yi sanyi. Ya yi tsammanin zai ji fushi, sai ya ji baƙin ciki ya riga shi. Shi ya goya yaron nan, shi ya fara kai shi makaranta riƙe da hannu, ranar da ubansu ya rasu a kafaɗarsa ya yi kuka. To ga shi nan.

Bai yi hayaniya ba. Ya yanke shawara a gaban mahaifiyarsu za a yi ta, don kada gobe a ce Yaya ya kori ƙanensa ba dalili. Zai faɗi abin da ya gani, ya kira abin da sunansa, algus da cin amana, sannan a raba hanya, kowa ya kama gabansa. Ya san Inna tsohuwa ce, ya san kuma magana zarar bunu ce, in ta fita a gabanta ba ta komawa, shi da Auta sai dai gaisuwar suna da ta jana'iza. Duk ya sani. Da yamma ya shigo ta ƙofar gaba kamar daga tafiya yake, ya ce wa Auta gobe bayan azahar su haɗu gidan Inna, akwai magana. Auta ya dube shi ya daɗe, ya ce, “To, Yaya.”

A gida ya gaya wa matarsa inda za shi gobe da abin da zai je yi. Tana ninke kayan yara, ta tsaya da riga a hannu. Ta ce ya yi haƙuri ya saurare ta, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, akwai abin da ta daɗe tana son gaya masa game da shi kansa. Jin an ce shi kansa, ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi. Ya tambaye ta me ya same shi, ta faɗa yana ji. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi hannunsa, sai ta sunkuyar da kai ta ce ba komai, Allah ya kai mu goben. Ya ce a ransa, ka ji ko, ba ta da abin cewa.

Da safe ya riga kowa zuwa shago, don yana son ya tafi da hujja. Inna ba ta san awon turare ba, amma akwai ƙamshi ɗaya da ko cikin barci za ta gane, shi ne haɗin mijinta. Zai ajiye mata na marigayi, ya ajiye mata na Auta kusa da shi, hancinta ya yi alƙalanci.

Ubansu yana da wata 'yar kwalba mai kauri da yake kira kwalbar shaida. Ba ta sayarwa ba ce. Haɗi ne mai ƙarfi da ya san shi ciki da waje, kullum da safe kafin ya taɓa komai sai ya buɗe ta ya shinshina. Yakan ce kwalbar ba ta canzawa, mutum ne ke canzawa. Wata rana mura, wata rana gajiya, wata rana ka taso da ɓacin rai daga gida, duk hanci yana ɗauka. In ka ji shaida yadda ka san ta, yi aikinka. In ka ji ta yi ƙasa, to ba ita ba ce, kai ne. Ranar nan kada ka haɗa turare, kada ka tsawata wa yaro, kada ka yanke wa kowa hukunci, zauna ka wanke kwalabe. Mai turare ya bi wannan ƙa'ida yana saurayi, don dole. Da tsohon ya rasu, shi kuma sunansa ya fita, sai ya ga mai hanci irin nasa ba ya bukatar shaida. Ya narka kyandir ya liƙe bakin kwalbar, ya danna babban yatsansa a kan kakin, ya sa ta cikin akwatin ƙarfe can saman kanta, makullin kuma yana cikin makullan gidansa tun daga ranar.

Ya hau kujera ya sauko da akwatin, ƙura ta yi masa bargo. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da ya ɗiga masa mai kafin ya buɗe. Ga kwalbar nan kwance cikin tsumma, ga kakin, ga zanen yatsansa raɗau kamar jiya ya danna. Ya ɓamɓare kakin a tafin hannu, ya zare murfi, ya rufe ido ya ja numfashi yana jiran ubansa ya shigo ɗakin.

Bai ji komai ba. Ya sake ja har ƙirjinsa ya cika, sai wani ɗan abu can ƙasa, kamar ƙamshin rigar da aka wanke aka shanya.

Abin da ya fara zuwa ransa, kuma da gudu ya zo, shi ne har nan ma Auta ya iso. Ya yanka makulli, ya buɗe, ya tsiyaye, ya cike da farin mai. Zuciyarsa har ta fara jera masa yadda aka yi da ranar da aka yi. Sai idonsa ya faɗa kan tafin hannunsa, ga ɓarɓashin kaki, ga rabin zanen yatsansa. Ya dubi ƙurar akwatin, sawun hannunsa kaɗai ke kai. Ya dubi kwaɗon da ya sha fama da shi.

Yana nan tsaye sai ya ji atishawa ta bango, ɗaya, biyu. Tela ne ya buɗe shago. Ya leƙo yana murza hanci yana cewa, “Maƙwabci, me ka fasa haka da sassafe? Duk layin nan ya ɗauka. Wallahi sai na ji kamar marigayi ne ya wuce ta gabana.”

Mai turare ya ce masa ba komai, tsohuwar kwalba ce. Ya mayar da murfi, ya ja labule, ya zauna kan kujerar haɗi.

Abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya kira su ba. Zazzaɓin nan mai mura da ya kwantar da shi watannin baya, wanda ya tashi daga shi ya ce ya warke ras. Abincin da ya koma auduga a bakinsa, yara kuwa suna suɗe kwano har sai da aka ƙara gishiri. Malamar makaranta da ciwon kanta. Jiya ma ya tsaya kan kwatar bayan layi, kwatar da shekara da shekaru yake zagin masu zuba shara a cikinta saboda ɗoyi, ya daɗe a kanta bai ko toshe hanci ba. Ya durƙusa ya jawo kwalin ƙarƙashin tebur. Kwalabe ne jere a baya, kowacce a rufe da kyau, duk abin da Auta ya rage yana nan, ko ɗigo bai fita shagon ba.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Mai turare ba hanci, ai sai a ce masa mai kwalabe. Bayan tsoron sai ga fushi ya sake tasowa yana neman wanda zai hau. Likitan da ya ba shi magani. Matarsa da ta sani ta yi shiru. Auta da ya mayar da shi abin tausayi a shagon ubansa. Amma wannan karon ya ga fushin tun yana hanya. Ya ji yadda zafin ya fara daga kunnuwa, ya hau tsakiyar kai, ya ji ƙeyarsa na ƙaiƙayi. Ya duba hannunsa, sai ga hularsa a ciki yana juya ta, bai san lokacin da ya cire ba. Ya zauna yana kallon hular kamar ta wani ce. Ashe haka abin yake zuwa, da ƙafafunsa, ta hanya ɗaya kullum, shi ne dai bai taɓa tsayawa ya gan shi ba.

Shaida ta yi ƙasa, saboda haka ya bi maganar tsohon. Ya tara kwalaben da ba a wanke ba, ya zuba ruwa a roba, ya zauna yana wankewa har rana ta take. Auta bai zo shago ba ranar.

Gidan Inna ɗaki biyu ne da 'yar rumfa, inda take zama kan tabarma da rediyonta da ba ta kashewa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta dafa kansa. Tun yana yaro in ya matso kusa da ita haka yakan ji ƙamshin mayafinta, haɗin da mijinta ya yi mata ita kaɗai, wanda har yau take ɗigawa. Ya ja numfashi a ɓoye. Ya ji ɗumin hannunta a kansa, ya ji rediyo na surutu, shi ke nan. Nan ne ya ji hawaye na neman zuwa, ya haɗiye.

Auta na gefe zaune, ya sa rigarsa mai kyau kamar mai zuwa kotu. Inna ta rage muryar rediyo ta ce, “Babba, ka tara mu, ga mu. Wannan tun ɗazu ya zo ya ƙi cin komai.”

Da zai iya cewa ba komai, ziyara ce kawai, a sha ruwa a watse. Ya yi tunanin haka a hanya. Ya kuma lura da wata murya a cikinsa da ke cewa ai duk da haka Auta ya taɓa kwalba ba da izini ba, a fara da wannan, ko ba komai a rage kunya. Ya saurari muryar har ta gama, ya bar ta nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya ce, “Auta, jiya ban je ko'ina ba. Ina bayan taga, na ga ka zuba farin mai a ambar.”

Auta bai musa ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin shago, ya ajiye kan tabarma a gaban yayansa. Ya ce ya san maganar ke nan, ya kuma amince, duk abin da Yaya ya ce ya yi, ya yi. A yafe masa, zai nemi wani abin yi.

Mai turare ya dubi makullin. Wato da ya zo da maganar jiya, da yaron nan ya ɗauki sunan ɓarawo ya rataya a wuya a gaban uwarsu, ya tafi da shi, bai ce uffan ba.

Ya ce, “Ba wannan na tambaye ka ba. Tun yaushe hancina ya mutu?”

Auta ya dubi Inna, Inna ta dubi rediyonta.

“Tun bayan zazzaɓin nan, Yaya,” in ji Auta da ƙyar. “Da farko kaɗan ne. Daga baya sai ka riƙa ninka awo, in an shafa yana ƙona fata. Ni kuma in ka fita sai in mayar da shi daidai. Ban so mutane su ce hancin Yaya ya tafi ba.”

“Me ya hana ka gaya mini? Kai da uwar yara, kuna ta ƙus-ƙus a bakin ƙofa.”

Auta ya ce, “Na zo zan faɗa ba sau ɗaya ba. Ita ma haka. Da mun fara sai ka cire hula.”

Inna ta yi 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. Ta ce ai duk zuri'ar nan hularsa suke kallo, ba fuskarsa ba. In tana kai, a yi magana. In ta sauko hannu, kowa ya nemi hanya, har ita da ta haife shi. Ta ce ita ma ta sani, tun ranar da ya zo gaishe ta madara na ƙonewa a kan wuta kusa da ƙafarsa, ƙauri ya cika gida, shi yana ta ba ta labari.

Kowa ya sani ke nan. Matarsa, ƙanensa, uwarsa, watakila har malamar makaranta. Watanni suna kewaye shi a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai, shi kuma yana bin su da ƙusa yana karce jarka. Kunya ta rufe shi, kuma bayan kunyar, ga zafin nan ya fara daga kunnuwa. Ya ji shi sarai. Ya ɗora hannuwansa biyu kan gwiwoyi ya danne su, ya bar zafin ya hau ya kai inda zai kai, ya sauka. Ba a daɗe ba ma. Ya yi mamakin ƙanƙantar abin da ya yi shekaru yana mulkin gidansu.

Ya tura makullin gaban Auta da yatsa. Ya roƙi Auta ya yafe masa, don ya zarge shi da abin da ko a mafarki bai kamata ba. Auta ya fara cewa ba komai, Mai turare ya tare shi ya ce da komai, a bar shi ya faɗa. Inna ta ce to tunda an gama shari'a a kawo wa Auta abinci, kada ya faɗi.

Ya je asibiti daga baya. Likita ya ce irin wannan wani yakan dawo, wani ya dawo rabi, wani kuma shiru, sai dai a jira a gani. Mai turare ya saurara har ƙarshe, hularsa a kai, matarsa na gefe tana satar kallon hular.

Kwalbar shaida ba ta koma akwati ba. Tana kan teburin haɗi, kullum da safe sai ya buɗe ya shinshina, ya ji abin da ya ji, wanda har yanzu ba shi da yawa, sannan ya miƙa wa Auta. Awo yana kansa, hannunsa bai manta ba, amma hukunci ya koma hancin ƙanensa. Ranar farko da suka yi haka, ya haɗa wardi a tsanake, ya girgiza, ya miƙa. Auta ya shinshina, ya dubi saman kan yayansa.

“Faɗi mana,” in ji Mai turare.

“Ya yi yawa, Yaya.”

Hannunsa ya tashi da kansa, har yatsunsa sun taɓa bakin hular. Ya tsaya a haka. Auta ya riƙe numfashi. Sai Mai turare ya gyara wa hular zama a kansa, ya miƙa hannun ya jawo jarkar farin mai, wadda har yanzu karcen ƙusa ke jikinta.

Ya ce, “Riƙe mini mazurari. In ya isa ka ce ya isa.”